Wasannin ƙanƙara na duniya: juyi ne gari ke samu ko kuɗi ke magana?

ɗan_Ader
Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambaya gare ni ga masu sani. Kwanakin nan a fadarmu da dare ba abin da muke kallo a tele sai wasannin Olamfik na hunturu na 2026 da ake yi a Italiya, Milan da Kortina. Gardama ta kaure tsakaninmu. Wasu sun ce juyi ne, kamar yadda kokowar takobi ke zagaya jihohinmu takwas na Nijar, bana nan baɗi can. Wasu sun ce sam, wanda ya fi kuɗi shi ke ɗauka. Ni kuma abin da ya fi tsaya mini a rai: wa ke biyan kuɗin shirin, kuma ana tambayar mutanen gari kafin a aza masu wannan kaya? Mu ma nan Tawa mun ɗan ga abin da ake nufi da karɓar baƙi lokacin Tahoua Sakola, bikin ranar Jamhuriya da aka yi a garinmu a 2017, shi ya sa nake son in gane.

Mushe_Sani
Wa alaikumus salam ƙanena. Ba juyi ba ne, zaɓe ne. Kwamitin Olamfik na duniya, wanda muka fi sani da CIO, hedkwatarsa na Lozan a ƙasar Suwis, shi ke ba da wasannin. Mambobinsa ɗari da ɗoriya ne, ƙuri'ar sirri suke kaɗawa, kuma wanda ƙasarsa ke takara ba ya zaɓe. Na bana an yanke shi tun 24 ga Yuni 2019: Milan da Kortina ƙuri'a 47, Stockholm da Åre na Suwidin 34. Ka ga kusan shekara bakwai ke nan aka ba su su shirya.

Gari ba ya tashi shi kaɗai ya ce ina so. Sai kwamitin Olamfik na ƙasarsa ya gabatar da shi, sannan gwamnati ta sa hannu a takardun lamuni: tsaro na wuyanta, za ta bar duk ɗan wasa da ɗan jarida mai katin wasannin ya shigo, kuma in kuɗin shiri suka gaza an san wanda zai cike giɓin. Wannan lamuni na ƙarshe shi ne ƙashin bayan maganar duka.

MaiShayi227
To Mushe, in zaɓe ne ai kuɗi na ciki. Ina aka taɓa zaɓe babu kuɗi?

Mushe_Sani
Ba ka yi ƙarya ba, an taɓa kama su. Salt Lake City ta Amurka ta faɗi a hannun Nagano ta Japan, daga baya a 1995 ta ci na 2002. Ƙarshen 1998 asiri ya tonu cewa masu neman sun riƙa biya wa ƴaƴan wasu mambobi kuɗin makaranta, da kuɗin asibiti, da kyaututtuka. Mambobi goma suka bar kujerunsu, wasu korarsu aka yi wasu suka ajiye da kansu. Daga nan aka hana mambobi kai ziyara garuruwan da ke takara.

Zeinabou_Yamai
Mushe ka bar rabin labarin. Da yawa cikin waɗanda suka rasa kujerun ƴan Afirka ne, amma shugabannin neman guda biyu da aka kai kotu a Amurka, alƙali ya wanke su a 2003. Mai karɓa ya sha kunya, mai bayarwa ya koma gidansa. Har gobe wannan abu na ci mini tuwo a ƙwarya.

Alhaji_na_Konni
Ƴata, mai karɓa ma ba a tilasta masa ba. Amana aka ba shi ya ci. Kada don namu ne mu rufe ido.

Zeinabou_Yamai
Ban wanke su ba Alhaji. Hukunci nake so ya hau kan kowa daidai.

Baba_Illo
Ni dai wanga zance na zaɓe ban cika son shi ba. Kokowar takobi nan Tawa anka fara ta 1975, muna samari, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin hwarko. Tun sannan jiha bayan jiha aka bi, kowa ya san ranar shi na zuwa, babu mai zuwa roƙo ko rabon kyauta. Mi ya hana su yi haka nan?

Injiniya_Bachir
Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da ya hana shi ne filin kokowa ko'ina ana iya zuba yashi a kewaye shi, amma dutse ba a ƙera shi. A wasan ski na maza, wato gangarowa daga kan dutse bisa dusar ƙanƙara, tsakanin inda ake tashi da inda ake tsayawa sai tsayin ya kai mita 800 aƙalla, gangara ce tsantsa, ga sanyin da zai riƙe dusar ƙanƙara har sati biyu, sannan a sake riƙe ta zuwa Maris don wasannin naƙasassu. Bayan dutse ana bukatar zauruka masu daɓen ƙanƙara da yawa: na hoki, na tseren gudu mai zagayen mita 400, na rawa a kan ƙanƙara, na kalin, wato wasan tura dutse. Ga wurin tsalle daga tudu, ga hanyar bobsile, wato tseren keken sulɓi a cikin lanƙwasasshiyar hanyar ƙanƙara. Garuruwan da suka haɗa wannan duka a duniya ba su da yawa, shi ya sa sunaye ɗaya ke ta dawowa. Kortina ta yi a 1956 ga ta kuma bana. Innsbruck ta Ostiriya ta yi 1964 da 1976. Faransa ta yi na farko a Chamonix 1924, ta yi Grenoble 1968, Albertville 1992, kuma na 2030 nata ne. Salt Lake City za ta maimaita a 2034. Kusan juyin ne Baba, amma tsakanin masu dutse da sanyi.

ɗan_Ader
Na gode yaya Bachir. Amma tambayata ta biyu fa? Mutanen gari ana jin ta bakinsu?

Hadiza_lakkwal
Wannan ɓangaren ne ya fi burge ni. A wurare da yawa ana jefa ƙuri'ar raba gardama, kuma sau da yawa mutane cewa suke ba sa so. Denver ta Amurka an riga an ba ta na 1976, sai a 1972 mutanen jihar Colorado suka ƙi yarda a taɓa kuɗin harajinsu, dole aka mayar da wasannin Innsbruck. Na 2022 kuwa kallo ya koma sama: mutanen Munich ta Jamus sun ƙi a 2013 tun ba a shiga ba, na Krakow ta Polan sun ƙi, Stockholm ta janye, Lviv ta Yukren ta janye saboda rikici, Oslo ma ta fita a Oktoba 2014 da gwamnatin Norwe ta ƙi ba da lamuni. Aka bar Bejin ta Sin da Almaty ta Kazakistan kawai, Bejin ta ci da 44 da 40. Na bana ma Sion ta Suwis da Calgary ta Kanada duk mutanensu sun ce a'a a 2018.

Ku duba da kyau, ƙasashen da suka fi kowa ƙanƙara da son wasan su ne ke gudu. Ba wasan suke ƙi ba, bashin suke tsoro.

MaiShayi227
Me ya tsorata su haka?

Hadiza_lakkwal
Soci. Rasha ta ci na 2014 da garinta na Soci a taron CIO na Guatemala na 2007, Putin da kansa ya je ya yi jawabi, suka doke Pyeongchang ta Koriya ta Kudu da 51 da 47. Kusan komai daga tushe aka gina shi, hanyar mota, layin dogo, wutar lantarki, otal-otal. Kuɗin da aka ruwaito sun haura dalar Amurka miliyar 50. Duk magajin garin da ya ji wannan adadi sai ya sake tunani.

Injiniya_Bachir
Malama Hadiza gaskiya ne, sai dai a rarrabe. Kasafi biyu ne. Akwai na gudanar da wasannin kansu, wanda ke fitowa daga tikiti, da kamfanonin talla, da kason da CIO ke bayarwa daga kuɗin nuna wasa a tele. Na Italiya CIO ta yi alkawarin dalar Amurka miliyan 925. Sai kuma na gine-gine, wanda galibi daga baitulmali yake fita. Mafi yawan na Soci a na biyun ya tafi. Masu neman wasa sukan nuna wa jama'a na farko, na biyun ne ke kumbura bayan an sa hannu.

Bakanike_Sabongari
Ni aikina gyaran firiza da ɗakin sanyi, don haka ba ƴan wasan nake kallo ba, daɓen nake kallo. Ƙarƙashin ƙanƙarar nan siminti ne, cikinsa an shimfiɗa bututu kusa da kusa, ruwan sanyi mai magani na zagayawa dare da rana. Ba a zuba ruwa a tashi ɗaya. Fesawa ake yi siriri siriri, wannan ya daskare a ƙara wani, a shafa farin fenti, a ja layuka, a sake rufewa da ruwa har kauri ya kai ƴan santimita. Kowane wasa da irin tasa: ta masu gudu mai tauri, ta masu rawa da ɗan taushi don su ji daɗin dira, ta kalin kuma ana yayyafa mata ɗigon ruwa ta yi ƙuraje don dutsen ya tafi. Abin da nake tunani kullum shi ne kuran, wato wutar lantarki. In wuta ta ɗauke awa biyu a ɗakin sanyin mai kifi mun san yadda hankali ke tashi, bare zauren da duniya ke kallo. Dole kowane wuri da layin wuta na biyu da manyan gurup, wato janareto, a gefe.

Gwaggo_Rabi
Ɗana, to ita dusar da ke kan dutse fa, in Allah bai saukar ba?

Bakanike_Sabongari
Gwaggo, ƙera ta suke. Akwai inji mai kama da babbar fanka a cikin ganga, yana tura ruwa da iska da ƙarfi, ruwan ya tarwatse ya daskare kafin ya faɗo. Amma sai iskar waje ta yi sanyi ƙasa da sifiri, inji ba ya ƙirƙiro sanyin dutse. Kuma ruwa yake sha ba kaɗan ba, shi ya sa ake haƙa tafkuna a saman dutse tun kafin lokaci.

Mushe_Sani
Matsalar ba sabuwa ba ce. A 1964 sojojin Ostiriya ne suka yi ta jigilar ƙanƙara da dusa zuwa filayen Innsbruck. A Vancouver ta Kanada a 2010 da kamiyo da helikwafta aka kai dusa dutsen Cypress. Soci ta tara dusar hunturun da ya gabata ta lulluɓe ta da barguna na musamman har ta kwana shekara. Bejin 2022 kuwa kusan duka ta inji ce, a Yanqing da Zhangjiakou, yankin da ruwa ke ƙaranci.

Gwaggo_Rabi
Wannan ya taɓa ni. Mu da ke tashi da asuba mu jera jarka a famfo lokacin bazara, a ce ana ɗiban ruwa a watsa kan dutse don wasan kwana goma sha bakwai. Manoman wurin an tambaye su?

Alhaji_na_Konni
Hajiya, in ta narke ai ƙasa take komawa. Kuma wuraren nan ba don wasan kaɗai aka yi su ba, masu yawon buɗe ido na zuwa duk hunturu, mutanen ƙauyukan da shi suke ci. Ni ɗan kasuwa ne, na san abin da baƙo ke kawowa gari. Sin ta shimfiɗa jirgin ƙasa mai gudu daga Bejin zuwa Zhangjiakou, tafiyar da ke cin awa uku ta koma kamar awa ɗaya. Wasa ya wuce, jirgi na nan.

Abdou_Torino
Salam ga kowa. Na daɗe ina karantawa, bari in faɗi abin da idona ya gani, don a Turin ta Italiya nake zaune, garin da ya yi na 2006. Alheri akwai: metro na garin lokacin aka buɗe shi, kullum shi nake shiga zuwa aiki. Amma hanyar bobsile ta Cesana da aka kashe mata kuɗi masu yawa, a 2011 aka rufe ta, don riƙe ta da sanyi ya fi ƙarfin masu ita kuma masu wasan ƴan kaɗan ne.

Abin da ba zan manta ba shi ne ƙauyen ƴan wasa, wanda ake kira ex-MOI. Benaye ne masu fenti kala-kala, ruwan lemo, shuɗi, kore. Bayan wasa wasunsu suka zauna babu kowa. A 2013 ƴan uwanmu ƴan Afirka da suka tsallako daga Libiya, waɗanda ba su da wurin kwana, suka shiga ciki, har suka haura dubu. Na riƙa zuwa gaida wani ɗan garinmu a can. Fentin ya ɓaɓɓake, lif ba ya aiki, a matakala ana shanya, a ƙasa wani ya buɗe ɗan shago wani yana aski. Cikin tsananin sanyi su da yawa a ɗaki guda, da ƙaramin risho ɗaya ana dafa shayi ana ɗumama hannu. Ɗakin da zakarun duniya suka kwana ke nan. A 2019 aka gama fitar da su. Don haka in an ce mini gari ya ci wasanni, ni tambayata ita ce bayan shekara goma wa zai riƙe makullin.

ɗan_Ader
Allahu akbar. Yaya Abdou, Allah ya tsare ku a can. To na bana sun ɗauki darasi?

Abdou_Torino
Amin ƙanena. Rabi da rabi. Sun baza wasannin wuraren da ke da kayan tun da: Bormio, Livigno, Val di Fiemme, Anterselva. Buɗewa a San Siro, filin balo, rufewa a tsohon dandalin Rumawa na Verona. Tseren gudu a kan ƙanƙara cikin zaurukan baje koli na Rho aka shimfiɗa shi na wucin gadi. Ƙauyen ƴan wasa na Milan an tsara shi ya zama gidan kwanan ɗalibai. Wahalar ita ce nisa, Milan zuwa Kortina kusan kilomita 400 ne, hanyar dutse.

Amma a kan bobsile sun maimaita. CIO da kanta ta ce su yi amfani da hanyar da ke akwai a wata ƙasa, gwamnati ta ce sai an yi a gida. Aka sare itatuwa aka sake gina ta Kortina a gurguje, kusan yuro miliyan 118, sama da miliyar 77 na sefa ke nan. Har Lake Placid ta Amurka aka ajiye a gefe ko da ba a gama ba. An gama, amma ni da na ga Cesana hankalina bai kwanta ba.

MaiShayi227
Miliyar 77 don hanya ɗaya! Asibiti nawa ke nan?

Zeinabou_Yamai
Maganar Abdou ta tuna mini namu. Yamai ta karɓi wasannin Francophonie a Disamba 2005, aka gina ƙauyen ƴan wasa, yau unguwa ce mutane na ciki. Taron Tarayyar Afirka na Yuli 2019 ya bar mana filin jirgin Diori Hamani da aka sabunta da otal-otal. A 2019 ɗin kuma mun yi kofin Afirka na ƴan ƙasa da shekara 20 a Yamai da Maraɗi. Wanda ya amfani talaka shi ne wanda ake shiga kullum. Wanda sai babban taro ake buɗewa, kulawarsa ce ke gagara.

Baba_Illo
Sakola ma gudro da hwitillun hanya munka samu, ba mu musu. Amma akwai masu rumfuna bakin hanya da anka tashe su, ɗan ƙanena na ciki, ya daɗe bai samu wurin zama ba. Shi ad dalilin da ya sa tambayar yaron ga ta shige ni, a tambayi mutane tun ba a kawo katafila ba.

Hadiza_lakkwal
Baba, kuma sabon tsarin bai ƙara wa mutane murya ba a ganina. Tun 2019 CIO ta sauya hanya. Babu dokar shekara bakwai, babu takara a fili kamar da. Wani ƙaramin kwamiti ke tattaunawa da masu sha'awa, in ya gamsu da ɗaya sai a shiga magana da shi kaɗai, a kai wa mambobi suna guda su ce e ko a'a. Haka aka ba Faransa 2030 da Salt Lake City 2034 rana ɗaya, 24 ga Yuli 2024 a Paris. Na Faransa ma da sharaɗi aka ba ta, don an rushe majalisa babu gwamnatin da za ta sa hannu a lamuni, sai a Oktoba firaminista Barnier ya sa.

Mushe_Sani
Malama, a nan mun saɓa. Tsohon tsarin ɓarnar kuɗi ne. Pyeongchang sau biyu tana faɗuwa, a hannun Vancouver da 56 da 53, sannan Soci, sai a karo na uku a taron CIO na Durban a 2011 ta ci na 2018. Duk faɗuwa kuɗin kamfe ne suka tafi a banza. Kuma takara ce ke sa kowa yin alkawarin da ya fi ƙarfinsa don ya burge masu zaɓe. Yanzu ana ce maka yi da abin da kake da shi, ko ka ara a maƙwabta.

Hadiza_lakkwal
Na yarda an rage ɓarna Mushe. Amma abin da ake yi a ɗaki rufe, mai biyan haraji sai dai ya ji a rediyo. Kuma Pyeongchang ɗin da ka kawo, filin buɗe taro mai kujeru 35,000 sau huɗu aka yi biki a ciki aka rushe, ga dajin dutsen Gariwang da aka sare don gangara.

ƙaramin_Alfaga
Ku yi haƙuri ni yaro ne a cikinku, tekwando nake koyo. Afirka fa? Ba za mu taɓa karɓa ba? Yanzu ma shugabar CIO, Kirsty Coventry, ƴar Zimbabuwe ce.

Injiniya_Bachir
Na hunturu da wuya ƙanena. Akwai wurin ski a Oukaïmeden na Maroko da Afriski a Lesoto, amma ƙanana ne a kan abin da ake nema. Shiga dai muna shiga. Lamine Guèye na Senegal ya yi a Sarajevo 1984. Philip Boit na Kenya ya zo na ƙarshe a Nagano 1998, wanda ya ci zinariya, Bjørn Dæhlie na Norwe, ya tsaya a bakin layi ya jira shi ya rungume shi. Ƴan matan Najeriya uku sun yi bobsile a 2018, Akwasi Frimpong na Gana ma ya je. Kai ka sa ido a kan Dakar, ƙarshen Oktoba 2026 za ta karɓi Olamfik na matasa, karo na farko a ƙasar Afirka. Mu namu rabon a zafi yake: Issaka Daboré tagulla a dambe 1972, Alfaga azurfa a tekwando a Rio 2016.

Alhaji_na_Konni
Kada ku ce da wuya. A 2022 an ba Saudiyya wasannin hunturu na Asiya na 2029, a wani dutse da ake kira Trojena. Mai kuɗi ya samu, ga amsar tambayar farko.

Bakanike_Sabongari
Alhaji, samun takarda daban, daskarar da dutse daban. Na Asiya ne kuma, ba CIO ce ta bayar ba. Ni dai inji na sani, in zafin waje ya fi ƙarfinsa ko nawa ka zuba ba zai yi ba.

ɗan_Ader
Yau da dare zan karanta wa ƴan fada wannan duka, na san masu cewa juyi da masu cewa kuɗi kowa zai ce shi ya yi gaskiya. Yaya Abdou, wata tambaya: benayen nan na ex-MOI, bayan an fitar da ƴan uwanmu, ina aka kai su? Kuma shi ɗan garinku yana ina yanzu?

Gwaggo_Rabi
Nima ita nake jira. Abdou in ka tashi daga aiki ka ba mu amsa, kuma ka gaishe shi.